Ƙashin Ummuhani a Rariyar Aya

Wanda ya saci akuya ɓarawo ne, wanda ya fasa rumbu azzalumi ne, amma wanda ya sayar da makwancin matattu ba shi da suna a bakin mutanen kirki. An yi irin wannan ɗan banzan a ƙasar Gazawa, a shekarar da sojoji suka yi alkawarin mayar da mulki hannun farar hula. Bai ɗauki gatari ba, bai riƙe fartanya ba. Yana zaune bisa kujera cikin inuwa ya tone kaburburan mutanen Garin Tala.

A rariya asirin ya fara tonuwa. Kowa ya san yadda ake girbin aya: a ƙone ganyen, maza su tona ƙasar, mata su bi baya suna rairaya. Wata mata mai suna Indo, cikin 'yan ƙwadagon da aka kwaso daga Tasawa, ta girgiza rariyarta, ƙasa ta zube, aya ta tsaya, tare da wani abu fari dogo. Ta ɗauka saiwa ce. Da ta juya shi sai ta saki rariyar, ta ɗora hannu a ka tana salati.

Gonar ta Alhaji Maikuɗi ce, wani ɗan kasuwar kan iyaka da ke neman kujerar kansila a zaɓen da ke tafe. Filin kuwa kufan Garin Tala ne, inda mutanen garin suka zauna kafin rijiyarsu ta rufta su koma bakin hanya. Da bazara aka ba Alhaji filin, da takarda da tambari, lokacin da yunwa ta kori mazan garin zuwa ci-rani.

Barmo mai bin sawu bai daɗe da dawowa daga Jibiya ba. Shi ake kira daga Agye har bakin iyaka idan an kora shanu, domin ƙasa ba ta ɓoye masa komai. Da ya iso gonar ya tarar da jama'a sun yi cincirindo.

"Ku ja baya," ya ce. "Kun tattake mini ƙasa kamar garken tumaki."

Ya nemi gawon da ke inuwanta maƙabartar, sai kututture ya gani. Surin da ke gabas da shi yana nan. Ya dubi kututturen, ya dubi surin, ya dubi inda aka tona. Ya miƙa wa Indo hannu, ta ba shi abin da ta naɗe a gyale.

Ƙashin damtse ne, kuma a tsakiyarsa akwai ƙulli, inda ya taɓa karyewa ya haɗe a karkace. Ummuhani, matar Barmo ta fari, ta faɗo daga kan kuka tana yarinya, maɗori ya ɗora hannun bai daidaita ba. Da wannan hannun ta yi shekaru tana tuƙa masa tuwo. Wajen haihuwa ta rasu, ita ce ta ƙarshe da aka rufe a nan kafin a tashi, jaririn yana gefenta.

Barmo bai yi kuka ba. Ya warware rawaninsa ya naɗe ƙashin, ya ce da muryar da kowa ya ji, "Na rantse da wanda raina ke hannunsa, sai na ga wanda ya yi wannan aiki, kuma sai ya durƙusa a wurin nan."

* * *

A zauren mai gari Ɗangana aka taru. Alhaji Maikuɗi ya shigo yana ƙamshin turare, ya shimfiɗa wata babbar taswira a kan tabarma.

"Ga filin, ga iyakarsa," in ji shi. "Ku nuna mini maƙabarta a nan. Ƙashi kuma, ai jaki ma yana da ƙashi."

Mutum biyu ne suka riƙe Barmo.

Mai gari ya sunkuyar da kai. Saurayi ne, bai daɗe da gadon mahaifinsa ba. "Baba Barmo, ina ƙarami aka tashi daga kufan. Na san akwai kaburbura, amma da aka kawo takardar proje, masu aikin auna ƙasa, ban gan su cikin filin ba, sai na zaci suna can gaba. Shi ya sa na sa hannu."

"Ranka shi daɗe, ka tambayi takarda, ba ka tambayi tsofaffi ba," in ji Barmo. "Allah shi kyauta."

Kwamandan jandarma ya aiko cewa shi da takarda yake aiki, a yi haƙuri sai bayan zaɓe. Da ƙyar Alhaji ya yarda a dakatar da tono zuwa Juma'a. Bayan Juma'a, in ji shi, ayarsa ba za ta ruɓe a ƙasa don tatsuniya ba. Barmo ya san inda layin masu tono ya tsaya. Idan suka ci gaba, kabarin jaririn za su fara hawa.

Sai bakuna suka juya kan Idi. Idi Bafillace ne da kakanninsa suka ajiye sanda suka kama noma a gefen garin. Shi ya yi wa mutanen proje jagora shekarun baya, lokacin da suka zo shata gonaki da burtali da rijiyoyi. An kuma gan shi da amalanke a kufan kafin damina. Matasa suka fara maganar ashana.

"Wanda ya taɓa gidan Idi kafin in je, da ni ya yi," in ji Barmo. "In shi ne, nawa ne ni kaɗai."

A ƙofar zaure wani saurayi mai tsabtar riga ya durƙusa ya yi masa jaje. Sharifu ke nan, ma'aikacin proje ɗin da ke zagaya ƙauyuka bisa babur, kowa yana yabon ladabinsa.

"Baba, abin nan ya taɓa ni ƙwarai. Ni ɗan aikin daji ne, sha'anin na'ura ban san shi ba, aunawa kawai nake yi in kai buro, ofishinmu. Amma babur ɗina naka ne, duk inda za ka je."

Barmo ya gode masa. Da za su hau, idonsa ya sauka ƙasa kamar yadda ya saba tun yana yaro. Tayar bayan babur ɗin tana da faci, kuma facin yana barin alama a rairayi kamar ƙafar zabo. Ya gani ne kawai, bai riƙe shi da komai ba.

* * *

Sun tarar da Idi yana gyaran danga. Ya dubi wuƙar da ke damtsen Barmo, ya ci gaba da ɗaurinsa.

"Kaɗo, kashe ni ka zo yi, ko gaishe ni?"

"Bakinka zai zaɓa. Mi ka ɗauko a kufai da amalanke?"

"Zo ka gani. Kai yaro, tsaya wajen babur ɗinka."

Ya kai shi bayan rumbu. A nan, ƙarƙashin rumfar kara, Barmo ya ga fasassun tukwane da guntayen itace da duwatsu, an jera su layi-layi. Bai buƙaci bayani ba. An jera su ne daidai yadda suke a kan kaburbura. A ƙarshen layi ga rabin dutsen niƙan Ummuhani, wanda shi da hannunsa ya kafa a wajen kanta.

"Ranar da na ga tarakta ta nufo wurin, na roƙi direban, ya ce takarda gare shi," in ji Idi. "Na kwashe abin da na iya kwashewa. Mahaifiyata ma tana can, ko ka manta? Ku Haɓe kuna tsammanin mu a sama ake rufe mu."

Barmo ya durƙusa ya shafa dutsen.

"Ka nuna wa mutanen proje maƙabartar lokacin aunawa?"

"Kabari-kabari. Suna danna wani ɗan abu kamar rediyo. Da na je buro in yi ƙorafi, yaron can mai babur ya ce shi bai san komai ba, yarinyar da ke buga taswira ce mai abin. Ita kuma aka ce ta tafi Maraɗi. Na dawo na yi shiru. Wa zai saurari Bafillace a shekarar zaɓe?"

"Ka yafe mini, Idi."

"Ka kamo shi tukun. Yafiya ba ta gudu."

* * *

Washegari Sharifu ya sauke shi a ƙofar buron proje a Gazawa. Kafin ya wuce wani aiki, ya rage murya ya ce, "Ba gulma ba, Baba, amma 'yan matan birni da son abin duniya sai a hankali."

Rahina, yarinyar da ke buga taswira, na zaune gaban na'urarta mai ƙwaƙwalwa. Barmo ko sallama bai ƙarasa ba ya kwance rawani ya ajiye ƙashin bisa teburinta.

"Ga matata. Taswirarki ta ce babu ita."

Rahina ta miƙe tsaye a tsorace. Da ya gama faɗa mata abin da ya faru, da abin da ake cewa a kanta, sai tsoron ya koma fushi.

"Baba, ni ma da uwa a ƙasa. In ka zo zagina ne, ka gama ka fita. In gaskiya kake nema, ja kujera."

Ya ja kujera.

Ta ce duk abin da aka auna a daji yana shiga wuri guda, rumbun bayanai, kuma ba mai iya goge komai daga rumbun ba tare da babban ofishi na Yamai ya sani ba. Ta buɗe rumbun ta duba. Maƙabartar kufan Garin Tala tana ciki, da lambarta. Ta ɗaga taswirar da aka buga wa Alhaji. Babu ita.

"Ta yaya abu zai kasance a rumbu, a rasa shi a tsakar gida?" in ji Barmo.

"Taswirar na'ura shimfiɗa-shimfiɗa ce, kamar a ɗora tabarma kan tabarma. Gonaki shimfiɗa guda, rijiyoyi guda, maƙabartu guda. Kowace shimfiɗa ana iya rubuta mata sharaɗi, kamar ka tsayar da mai gadi a bakin rumbu ka ce masa, fito da wannan, bar wancan. Mukan yi haka don aiki, misali a ce fito da rijiyoyin siminti kaɗai. Amma sharaɗin ba ya fitowa a takarda. Wanda ya dubi taswira ba zai san an hana wani abu fita ba."

Barmo ya jinjina kai. Ya san wannan. Ɓarawon da ya ƙware ba ya iya ɗauke sawunsa daga ƙasa, sai dai ya ja reshe a baya. Reshen kuma yana da nasa sawun.

Rahina ta kai hannu za ta buɗe taswirar ta cire sharaɗin, sai ya riƙe gefen teburin.

"Tsaya. In kin taɓa, zai nuna an taɓa?"

"Zai nuna yau aka taɓa, kuma ni na taɓa."

"To kada ki taka sawun. A gefe ake bi. Kuma wanda ya yi wannan ba yau ya fara ba. Hannunsa ya yi laushi da yawa. Ina sauran?"

Ta dubi na'urar ta yi ajiyar zuciya. Taswirorin proje sun haɗa ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji, ɗaruruwa ne, kowace da shimfiɗu barkatai. In za ta bi su ɗaya-ɗaya da hannu, har a yi zaɓe a rantsar da shugaba ba ta gama ba. Sai ta ja allon rubutu gabanta.

"Akwai hanya. Zan rubuta wa na'urar umarni, kamar ɗan aike. Ya shiga kowace taswira, ya tambayi kowace shimfiɗa, wane sharaɗi aka ba ki, ya kawo mini amsa tare da ranar da aka taɓa taswirar a ƙarshe. Karantawa kawai zai yi, ba zai taɓa komai ba."

"Ɗan aiken nan naki yana karɓar goro?"

"Ba ya karɓa."

"To aike shi."

Karon farko umarnin ya tsaya a hanya, ta yi tsaki ta gyara. Barmo ya fita ya yi la'asar. Da ya dawo ya tarar da ita ta kafa wa gilashin na'urar ido. Sharuɗɗan aiki na yau da kullum ta ware su gefe. Huɗu suka rage waɗanda ba su da dalili, dukkansu iri ɗaya: fito da komai, ban da lamba kaza. Ɗaya ta maƙabartar Garin Tala ce. Ɗaya wani yankin burtali ne a Cadakori. Ɗaya tabki ne kusa da Agye. Burtalin da tabkin, in ji Rahina, duk an riga an ba wasu masu hali su a matsayin gona.

"Ta huɗun fa?"

"Ita ce ta fi tsufa, tun kafin a ɗauke ni aiki. Amma ba ta da ma'ana. Rijiya ce a cikin garin Gidan Sori, tsakiyar gidaje. Ba filin da za a ci a wurin. Ina jin kuskure ne."

"Su wa ke nan a lokacin?"

"Chindo, wanda na gada, ya koma Agadas. Sai Sharifu, shi kuwa ko kunna na'ura cewa yake bai iya ba. Baba, Chindo ne."

Barmo ya naɗe ƙashin a rawani a hankali. "Ɗiyata, na kama ɓarayin awaki da ba su ƙidayuwa. Ban taɓa kama wanda ya fara da garken baƙo ba. A gida suke gwada hannu, inda suka san kowace akuya da sunanta, inda in an kama su za su ce wasa ne. Rijiyar nan ba kuskure ba ce. Koyo ne. Ki rufe bakinki, ko da wanda kuke cin abinci kwano ɗaya da shi."

A bakin ƙofa ya juyo. "Na shigo miki da baƙar magana."

"Ka shigo da ita, Baba. Ka je ka dawo da fara."

* * *

Bai nemi babur ɗin kowa ba. Ya shiga motar haya zuwa Maraɗi, ya canza wata, sannan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da shi Gidan Sori da hantsin Laraba. Rijiyar tana nan daram, mata sun kewaye ta da guga da surutu. Suka ga baƙo yana zagaya ta kansa a ƙasa.

"Malam, allura ka yar, ko mata kake nema?" in ji wata. Saura suka kwashe da dariya.

"Wadda ta fi ki kunya nake nema," ya ce, bai ɗaga kai ba.

A gefen magudanar ruwa, inda laka ta jiƙe ta bushe ta yi tauri, ya tsaya cik. Wani babur ya taɓa bi ta nan lakar tana ɗanya. A tsakiyar sawun tayar ga ƙafar zabo, ga wata a gaba. Ya bi su da ido. Sun miƙe zuwa wata ƙofa da ke fuskantar rijiyar.

Ya tuna hannunsa riƙe da ƙugun yaron a bayan babur, yaron yana ce masa Baba.

Ya yi sallama. Wata tsohuwa mai fara'a ta fito, sunanta Batulu. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa a ƙwarya kafin ta tambayi ko wane ne.

"Inna, daga Gazawa nake. Na san wani ɗanki a can."

"Sharifu? Ayya, ɗana na kaina! Ran Lahadi ma shina nan. Ai shi ka riƙe da gidan ga. Ka san shi wajen aikin taswira?"

"Na san shi. Amma an ce na'urar ba ta shiga kansa ba."

Tsohuwa ta tafa hannu tana dariya. "Wa ya faɗa maka? Kunya ce da shi, ba shi son nuna kai. Wata shekara ya zo da injin nasa nan, kan tabarmar ga da kake zaune. Ya ce, Inna, dubi rijiyarki. Na duba, ga ta, ɗan ɗigo shuɗi. Ya danna wani abu, ya ce sake dubawa. Wallahi babu ta! Na ce, kai ɗan nema, ka maido mini rijiyata kafin la'asar, tuwo zan ɗora."

"Ya maido ta?"

"Oho. Ni dai na leƙa waje na gan ta inda take."

Barmo ya dubi ƙwaryar da ke hannunsa. Ruwan rijiyar ne. Ya ajiye bai sha ba. Yana iya komawa Gazawa ya tare yaron a hanyar daji, wuƙa ta yi aikinta, ba wanda zai iya bin sawun Barmo. Amma mutuwa takan rufa wa mutum asiri, shi kuwa ba rufin asiri ya rantse a kai ba.

"Inna, jibi Juma'a za a yi taro a garinmu. Za a ambaci sunan ɗanki gaban mai gari da jandarma da jama'a. Ya kamata a ce kina wurin. Ni zan kai ki."

Tsohuwa ta shiga ɗaki da murna tana neman zanenta na Salla. Barmo bai yi mata ƙarya ba. Bai kuma ji tausayinta ba.

* * *

Da safiyar Juma'a Garin Tala kaf ya taru a kufai. Kwamandan jandarma ya zo, domin Rahina ta kai masa maganar burtali da tabki, kuma a wannan shekarar ba mai kaki da ke son a ce ya rufe ɓarna. 'Yan ƙwadago na gefe da fartanyoyinsu suna jiran umarnin Alhaji. Aka kifa turmi, Rahina ta ɗora na'urarta a kai.

Barmo ya tsaya kusa da kututturen gawo.

"Kun ce Idi ne. Idi ya kwashe alamun matattunku ya adana lokacin da kuke barci. Wanda ya ambaci ashana ya je ya ba shi haƙuri. Mai gari ya yi sakaci, sakaci ba sata ba ne. Yarinyar nan kuma ni na zarge ta, ni na ji kunya. Ɗiyata, nuna musu."

Rahina ta karanta sharaɗin da Hausa: fito da dukan maƙabartu, ban da wannan. A gaban kwamandan, a kan kwafin taswirar, ta cire shi. Wani fili kore ya bayyana a tsakiyar gonar Alhaji, daidai inda suke tsaye. Jama'a suka ɗauki salati.

Sharifu ya matso yana girgiza kai. "Inna lillahi! Chindo ne, wallahi. Dama ban yarda da shi ba. Ni da ban san na'ura ba ma na sha ganin yana ɓoye-ɓoye."

"Haka ne," in ji Barmo. "Akwai wata rijiya da aka ɓoye a Gidan Sori. Da ita mai abin ya koyi sana'ar. Ka san Gidan Sori?"

Sharifu ya ce, "Na taɓa wucewa ta can, wajen aiki. Ni ɗan Maraɗi ne."

"Ka taɓa wucewa?"

Muryar daga cikin mata ta fito. Batulu ta ratso su da zanenta na Salla, tana dafe da ƙirji. Ta ji komai tun daga farko.

"Sharifu, ni ka taɓa wucewa? Gidan da aka binne cibiyarka?"

"Inna, mi ya kawo ki nan?"

"Wasan da ka yi mini da rijiya, shi ne wanga? Kai ka ɓatar da mutanen ga kamar yadda ka ɓatar da rijiyata?" Ta juya ga kwamandan. "Ya iya injin. A gabana ya yi."

Sharifu ya dubi Alhaji kamar mai neman igiya a rijiya. Alhaji ya gyara hula ya kau da kai.

"Ni fili na nema. Ban ce a ba ni kabari ba."

"Ƙarya kake!" Sharifu ya yi tsawa, ladabin ya zube gaba ɗaya. "Kai ka ce mini matattu ba su jefa ƙuri'a! Kai ka sa a sare gawon! Kai ka ce in ka ci zaɓe ni ne sakataren magajin gari!"

Sai aka ji ƙarar wuƙa tana fita daga kube.

Jandarma suka zabura, mata suka yi ihu. Barmo ya tako a hankali har gaban Sharifu. Ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ciro farin ƙyalle daga jakarsa, ya sa wuƙar ya tsaga shi, ya shimfiɗa a ƙasa. Ya karɓi rariya daga hannun Indo ya jefa masa a ƙirji.

"Durƙusa. Bisa kujera ka tone su, ƙura ba ta taɓa ka ba. Duk ƙasar da aka tona a nan, kai za ka rairaye ta. Aya gefe, mutane gefe. In ka bar mini ko ɗan yatsa guda, zan sani."

Kwamandan ya dubi fuskokin jama'a. Ya koma inuwar motarsa ya zauna.

Sharifu ya durƙusa. Rana ta take, mutane suka je masallaci suka dawo, yana nan yana rairaya, tafinsa ya yi bororo ya fashe. Alhaji ma ba a bar shi ya zauna ba, shi ke ɗauko ƙasar a kwando, babbar rigarsa tana jan turɓaya. Can Sharifu ya ɗaga kai, leɓɓansa sun bushe, ya dubi uwarsa.

"Inna, ruwa."

Batulu na riƙe da gora. Ta dube shi, ta miƙa wa Idi da ke haƙa sabon rami.

Kafin faɗuwar rana aka mayar da Ummuhani kusa da jaririnta, wanda fartanya ba ta kai gare shi ba. Idi ya kawo amalanke, aka mayar da kowace tukunya da kowane dutse mazauninsa. Barmo ya kafa rabin dutsen niƙan da hannunsa, ya danna ƙasa a gindinsa, ya karkaɗe rawaninsa ya naɗa.

An karɓe filin daga Alhaji Maikuɗi, an cire sunansa daga takara, ya yi shekara guda a tsare. Sharifu an kore shi daga aiki, alƙali ya yanke masa shekara huɗu a gidan kaso. Uwarsa ba ta je dubansa ba ko sau ɗaya.